Kusurwoyin Katunan Sinikka

Abin ya fara ne a watan Afrilu na shekarar 1958, ranar da malamarmu ta Turanci ta shigo aji da wata doguwar takarda mai ɗauke da sunayen 'yan matan ƙasashen waje da ke neman abokan wasiƙa. A lokacin shekaruna goma sha shida. 'Yan ajinmu suka yi rububin Amurka da Ingila, ni kuwa da ban iya rububi ba, aka bar mini sunan da ke can ƙasan takardar: Sinikka, daga ƙasar Finlan. Sai da na koma gida na buɗe taswira kafin na san inda ƙasar take.

Shekara arba'in da biyar muka yi muna rubuta wa juna. Ba mu taɓa haɗuwa ba, ban taɓa jin muryarta ba, ko ta waya. Turancinmu mu duka biyu gurgu ne, amma ya kai mu inda muke so. Tun a shekara ta biyu muka bar wasiƙar ambulan muka koma kati mai hoto, domin na ce mata ina sha'awar ganin ƙasarta. Ita kuwa ta ɗauki maganar da nauyi fiye da yadda na yi nufi. Da ta zama ma'aikaciyar jinya mai zagaya ƙauyuka, sai ta kafa wa kanta doka: ba za ta aiko mini da katin wani gari ba sai ta taka garin da ƙafarta, ta sayi katin a can, ta jefa shi a akwatin gidan wayar can. Saboda haka hoton ba shi ne shaida ba, kowa yana iya sayen hoto. Shaidar ita ce hatimin da gidan waya ke bugawa bisa kan sarki, mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Shi ne ke cewa Sinikka ta tsaya a wuri kaza ranar kaza, ta tuna da ni.

Kati ɗari uku da sittin na tara. Tafkuna, gandun daji, majami'un katako, tashoshin jirgin ƙasa, da wata masana'antar takarda mummuna da ta ce ita kaɗai ce abin kallo a garin. Na jera su bisa kwanan wata a cikin gwangwanaye uku na biskit ɗin shinkafa, na ajiye a durowar da ke ƙarƙashin ɗan kabad ɗin ibadarmu na cikin gida, inda hoton mijina marigayi Masaharu yake. Shi da kansa, tsawon zamanmu, bai taɓa buɗe su ba sai ya tambaye ni.

A tsakiyar Nuwamba na shekarar 2003 na zame a matakalar ƙofar gidana, ƙashin kwankwasona ya karye. Mako uku na yi a asibiti. Na ba Tokiko, ƙanwar Masaharu, mukullin gidan, na roƙe ta abu uku: ta riƙa sauya ruwa da furannin wurin ibada, ta ajiye ɗan kwanon shinkafa da safe kamar yadda aka saba, ta kwashe wasiƙu daga akwati. Abu uku, na ƙirga mata su a yatsa.

Ranar Talata da hantsi Tokiko ta ɗauko ni daga asibiti a tasi. Gidan yana ƙyalli. Ta wanke labule, ta goge tagogi, ta goge kayan tagullar wurin ibada har suna ɗaukar ido. Na gode mata, kuma har zuciyata na gode. Ta shige kicin ɗora shayi, ni kuwa na zauna gaban teburin da ta tara mini wasiƙu. A samansu akwai kati daga Sinikka, na ɗari uku da sittin da ɗaya, hoton kwando cike da wasu 'ya'yan itacen daji ƙanana jajaye. Kusurwarsa ta sama babu ita.

Da farko na ɗauka a hanya ya yage. Sai na duba bakin yankan. Miƙaƙƙe ne sak, irin wanda sai an sa rula.

Na juya na karanta. Rubutunta ya ƙanƙance, yana rawa. Ta ce ciwon da aka yi mata aiki a kansa bara ya dawo, likitoci ba su sa mata ran kaiwa ƙarshen hunturu, lokacin narkewar ƙanƙara, ba. Ta sayar da gidanta, ta koma can arewa wurin 'yarta. Ta ce in rubuto da sauri, tana son katin dutsen nan namu mai farin kai sau ɗaya kuma. Sinikka tana da wata ɗabi'a: in fili ya ƙare mata, sai ta ci gaba da rubutu a gefen sama na katin da ƙananan haruffa, har ya ratsa ta saman hatimi da kan sarki. A nan ta rubuta sabon adireshin. Abin da ya rage a hannuna shi ne: "Gidan 'yata Anneli". Daga nan sai yanka. Babu sunan mijin 'yar, babu titi, babu gari.

Na ja sandata na isa durowa. Na buɗe gwangwani na farko, na biyu, na uku. An mayar da katunan a jere, bisa tsarinsu, ba a ɓata ko ɗaya daga wurinsa ba. Kowanne an cire masa kusurwa. Da na dube su ta sama, sai na ga rami mai kusurwa huɗu ya ratsa su tun daga 1959 har zuwa bara.

"Tokiko."

Ta leƙo da faranti a hannu. Da ta ga gwangwanayen a buɗe, sai ta yi murmushi.

"Au, kin gani? Da ma so nake in gaya miki bayan kin sha shayi. Yaya, ba ki ga yadda matan ƙungiya suka yi murna ba. Na ƙasar waje har ɗari uku da wani abu! Matan haikalin ƙetaren gada ko hamsin ba su haɗa ba bana."

A nan na fahimta. Kowace shekara ƙungiyar mata ta haikalinmu tana tara kan sarkin da aka riga aka yi amfani da shi. A yanko shi daga ambulan, a gyara masa baki, a cika kwali, a aika wa wata ƙungiyar agaji da ke sayar wa masu tara irinsa, a yi wa yaran wasu ƙasashe allurar rigakafi. Ni ma na sha bayarwa, daga ambulan ɗin takardun wuta da na ruwa. Bana Tokiko ce aka ɗora wa aikin.

"Wa ya ba ki izini?"

"Izini kuma? Yaya, kan sarki ne fa. Ya gama aikinsa. Hotunanki suna nan, rubutunki yana nan. Kwana biyu na yi ina yankan nan, da rula, ɗaya bayan ɗaya. Har da hatimin na haɗa don kada in ɓata shi. Wuyana har yanzu bai saki ba."

"Abu uku na ce ki yi."

"Na yi su, na ƙara da goma. Ko kin ga ƙura a gidan nan?"

Na ɗaga mata katin ƙarshe. Na gaya mata abin da ke ciki, kalma bayan kalma, da irin muryar da nake karanta wa ɗalibai sakamakon jarrabawa. Na gaya mata cewa matar tana kan gadon mutuwa tana jiran amsata, kuma hanyar da amsar za ta bi tana cikin abin da ta yanke.

Fuskarta ta sauya, amma bakinta bai sauya ba. "To ni ina na sani? Na iya Turanci ne? Na ɗauka irin rubutun nan ne na gidan waya. Kuma wane irin mutum ne zai rubuta adireshi a saman kan sarki? Ki aika tsohon gidan mana, ai za su tura mata."

"In sun tura. Kwana goma zuwa, in ya dawo kwana goma. Ke ce za ki ba ta kwanakin?"

"Ba ki da lambar wayarta? Shekara arba'in da biyar? Yaya, wannan wace irin ƙawa ce?"

Ban taɓa ɗaga wa dangin mijina murya ba. Ranar ma ban ɗaga ba. Na ce mata ta ajiye farantin ta tafi gida. Na tambaye ta abu ɗaya kawai kafin ta sa takalmi: yaushe za a aika da kwalin? Ta ce ranar Jumma'a. Gobe Laraba ce ranar gyaran baki ta ƙarshe.

Da yamma na durƙusa gaban wurin ibada gwargwadon yadda kwankwaso ya bari, na kunna turaren wuta, na rataya carbi a hannuwana. An koya mana tun muna yara cewa fushi wuta ce da ke fara cin mai ita, kuma na yarda da haka. Na ambaci sunan Buda sau da yawa. Amma duk sanda na ɗaga kai sai in ga tagullar da Tokiko ta goge tana ƙyalli, in tuna cewa a nan ta durƙusa, a kan matashin nan, ta ja durowa ta ga abin da ba nata ba. Ba cikin gaggawa ta yi ba. Kwana biyu ta yi. Sau ɗari uku da sittin da ɗaya ta ɗora rula, kuma ko sau ɗaya ba ta ce wa kanta bari in jira mai shi ba, alhali kullum tana zuwa asibiti ta kawo mini lemo ta zauna tana ba ni labarin maƙwabta. Na kashe turaren ban samu sauƙi ba, ban kuma yi wa kaina ƙaryar na samu ba.

Washegari ƙarfe tara Tokiko ta iso, sanye da baƙar rigarta ta zuwa gaisuwa, riƙe da kwalin alewar wake daga shagon da ya fi tsada a garin, an naɗe shi da farar takarda. Kowa ya san ma'anar wannan kwali. In na miƙa hannu biyu na karɓa, magana ta mutu, ba ni da ikon sake tayar da ita har abada.

Ta rusuna a bakin ƙofa. "Yaya, na yi rashin tunani."

"Riƙe kayanki. Kira tasi, haikali za mu."

"Haikali? Me za ki yi a can?"

"Zan karɓo abina."

Ta miƙe tsaye da sauri. "Haba Yaya! An fa riga an gode miki. Uwargida, matar malamin haikali, da kanta ta rubuta sunanki ta liƙa a bango. Ya za a yi mutum ya karɓe sadaka bayan an yi godiya? Da wane ido zan dubi matan nan?"

"Da wanda kika dubi durowata."

Dusar ƙanƙara ta fara sauka sa'ad da muka isa. A zauren da ke gefen haikalin, mata kamar goma sha biyu suna zaune a kan tabarma kewaye da gajerun tebura biyu, murhun kananzir yana ci a tsakiya da buta a kansa. Ba a jin komai sai ƙarar almakashi da hira. A bango kuwa ga farar takarda da rubutun buroshi mai kyau: godiya ta musamman ga Malama Shizue Kuramochi, da ta ba da kan sarkin ƙasar waje ɗari uku da sittin da ɗaya. Har ƙirgawa sun yi.

Uwargida Kiyomi, matar malamin haikalin, ta taso da sauri, ta dafa tabarma da hannu biyu ta sunkuya.

"Malama! Jiya jiya aka sallame ki, har kin fito cikin sanyin nan? Sannu da jiki. Mu ya kamata mu zo mu yi godiya. Irin wannan kyauta..."

"Uwargida, ki gafarce ni. Ban ba da kyauta ba. An ɗauka ne ina kwance a asibiti. Na zo in karɓa."

Almakasai suka tsaya. Butar ce kawai ke huci. Tokiko ta tsaya a bayana rungume da kwalin alewarta, idonta a ƙasa.

Tsohuwa Hatsuyo, wadda ta yi shekara hamsin tana sayar da kifi kuma bakinta bai taɓa sanin birki ba, ita ce ta fara magana. "Tabɗi! Ashe sata muke ta gyara wa baki tun makon jiya. Tokiko, ke da kika ce mana Malama ce ta ce a kwashe?"

"Cewa na yi ba za ta damu ba."

"To ga ta nan, ba ta damu ba. Dubi fuskarta, kamar za ta ba mu jarrabawa."

Wasu suka yi dariya ƙasa ƙasa, suka haɗiye. Uwargida ta matso kusa da ni, ta rage murya. Ta ce lallai an yi kuskure, amma ko za mu shiga ciki mu sha shayi mu tattauna, domin an riga an sanar wa ƙungiyar agajin adadi, kuma sunan haikali ne a jikin takardar. Na san wannan shayin. Ana shiga da magana a fito babu ita. Na ce a nan aka yi mini godiya a gaban kowa, a nan zan yi bayani. Na fito da katin mai jajayen 'ya'yan itace na ɗaga, na faɗa musu wace ce Sinikka, da abin da likitocinta suka ce, da inda adireshin yake.

Hatsuyo ta ajiye almakashinta. "Kawo kwalin ƙasar waje," ta ce wa ta kusa da ita. "Ke kuma ba Malama kujera, ba ki ga ƙafarta ba?"

Aka juye kwalin a tebur. Nan na ga su: ƙananan gutsattsari masu kauri, gaba kan sarki, baya guntun sararin sama, ko reshen itace, ko kan hasumiyar majami'a. Sai kuma na ga abin da ban yi shirin gani ba. Dokar ƙungiyar ita ce a bar wa kan sarki baki daidai faɗin ƙaramin yatsa, a zubar da saura. Tun Larabar da ta wuce suke wannan aiki. Fiye da rabin nawa an riga an gyara su. Hatimin da Tokiko ke taƙamar ta haɗa da shi, an datse shi biyu. Na ɗauki ɗaya: rabin sunan gari, babu shekara. Na ɗauki wani: wata da rana, babu gari. Garuruwan da Sinikka ta shiga motar haya ta yi tafiyar yini don ta tsaya a cikinsu, an mayar da su faɗin yatsa, an jera su tsaf.

"Ja nake nema," na ce. "Ku juya su ta baya. Duk shuɗi ne ko fari ko kore. Ɗaya ne ja."

Hannuwa ashirin da wani abu suka shiga juyawa. Ba a yi minti goma ba wata ta ce ga shi. Ta miƙo mini. Bayansa ja ne. Gabansa kan sarki ne mai hoton tsuntsu, an gyara masa baki ta kowane gefe, an yi aiki mai kyau. A samansa babu abin da ya rage sai ƙafafun haruffa, kamar sawun kaza.

"Wa ya gyara wannan?" Ban san na tambaya ba sai da na ji muryata.

"Wa ya sani, Malama," in ji Hatsuyo. "Wataƙila ni ce. Idona ba ya ganin komai sai baki. In duka za ki yi, fara da ni, na fi kowa tsufa, ba zan ji ba."

"Ina abin da aka datse?"

Aka dubi juna. Uwargida ta ce yana cikin jakar shara a bayan zaure, gobe Alhamis motar sharar ƙonawa za ta ɗauka. Na ce a kawo. Ta ce, "Malama, a nan? A zauren haikali?" Na ce in ba a nan ba to a tsakar gida cikin ƙanƙara, duk ɗaya ne a wurina. Hatsuyo ba ta jira izini ba. Ta fita ta jawo jakar, babba ce har ƙugunta, ta shimfiɗa tsoffin jaridu a kan tabarma, ta kwance bakin ta juye.

Tsibi guda ya tashi. Siraran takardu dubbai, farare da masu ruwan ƙasa, haɗe da ɓawon lemo da jiƙaƙƙen ganyen shayi na mako guda. Wari ya cika zauren. Uwargida ta rufe ƙofar da ke kallon babban ɗakin ibada, a hankali, kamar mai rufe wa baƙo ido.

Na sauka daga kujera na zauna a ƙasa, na miƙe ƙafar da ke ciwo, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Na ce duk abin da ya yi kauri a ware shi gefe, nawa ne. Muka shiga tona. Awa ɗaya, awa biyu. Aka buga ƙararrawar tsakar rana, babu wadda ta tashi. Ganyen shayi ya jiƙa wasu, tawada ta narke. Duk wanda na ɗauka na ga ya jiƙe, sai in dubi Tokiko. Ta ajiye kwalin alewar a gefe, ta naɗe hannun baƙar rigarta, ta sa tabarau, tana ta tona. Telar kimono ce, rigarmu ta gargajiya, idonta ya fi na kowa a wurin. Wannan idon ne bai ga rubutun mutum a saman kan sarki ba.

"Malama," in ji Hatsuyo tana yarfe ɓawon lemo daga yatsa, "ita ƙawar taki, kyakkyawa ce?"

"Hotonta ɗaya gare ni, na ranar aurenta."

"Shekara arba'in da biyar da hoto ɗaya! Ni mijina kullum ina ganinsa, ban yi masa rubutu ko na layi ɗaya ba. Da na sani da wasiƙa muka zauna, da mun fi shiri."

Wajen ƙarfe biyu Tokiko ta yi wata 'yar ƙara. Ta ɗago wani siriri tsakanin yatsu biyu, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, bayansa ja. Ta rarrafo ta miƙo mini da hannu biyu. Na ɗora shi a saman kan sarkin tsuntsu, ƙafafun haruffan suka haɗu da jikinsu. Sunan titi, da lamba, da sunan gari. Gefensa ɗaya ya jiƙe amma ana karantawa. Saura sunan mijin 'yar, wanda ya kamata ya kasance a guntun da ke tsakanin wannan da jikin katin. Muka ƙara rabin awa. Ita ce dai ta sake samo shi, manne a jikin ɓawon lemo.

Na jera guda huɗun a tebur: katin, guntun, siririn, kan sarkin. Adireshin ya cika. Na kwafe shi a littafin aljihuna, na sake kwafewa a wani shafi, na karanta harafi bayan harafi sau uku. Daga jakata na fito da katin dutsen mai farin kai, wanda na rubuta tun da safe na bar gurbin adireshi. Na cike gurbin. Wata daga cikin matan, mai mota, ta karɓa ta ce yanzu za ta kai babban gidan waya don ya bi jirgin sama.

Zauren ya saki numfashi. Wata ta tafa a hankali. Aka fara tattara jaridu, aka zuba sabon ruwa a buta. Na ga yadda fuskoki suka sake, kowa yana ganin an gama, an yi abin kirki, za a samu labarin bayarwa a gida.

Uwargida ta durƙusa kusa da ni. "Malama, an dace. Hankalin kowa ya kwanta." Ta dubi tarin kan sarkin da ke tebur. "To sauran fa? Tun da an samu abin da ake nema, kuma yawancinsu an riga an gyara, ba za su koma yadda suke ba. Yara ne za su amfana. Na tabbata ƙawarki ma, da yake ma'aikaciyar jinya ce, za ta yi farin ciki."

Kafin in amsa, Tokiko ta jawo kwalin alewar, ta gyara masa takarda, ta turo shi a kan tabarma har gaban gwiwata. Ta dafa ƙasa, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa hannuwanta. Hannuwan duk ganyen shayi. Mata goma sha biyu suka zuba mini ido, suna jiran in miƙa hannu.

Na san abin da ake so in yi, na kuma san abin da aka koya mini. Na san za a ce Malama Kuramochi ta tsufa da taurin zuciya, ta hana yara allura saboda guntayen takarda, ta bar ƙanwar mijinta da goshi a ƙasa. Amma na dubi tsibin siraran da muka ware, masu rabin sunan gari da rabin shekara. Ba wanda ya tambayi Sinikka, ba wanda ya tambaye ni, yanzu kuma ana gaya mini abin da za ta ji daɗinsa, ita da ba su san sunanta ba sai yau.

"Uwargida, ambulan ɗin wuta da na ruwa suna nan a gida, zan aiko da su kamar kowace shekara. Waɗannan ba na bayarwa. A sauke takardar can daga bango."

Na juye kan sarkin ƙasar Finlan duka a cikin gyalena, na haɗa da siraran, jiƙaƙƙu da busassu, na ɗaure. Hatsuyo ta kama ni na miƙe, ta miƙo mini sandata.

Tokiko ta ɗago kai. "Yaya, bari in zo in taya ki liƙawa. Na iya aikin hannu, kin sani. Ko wata nawa zai ɗauka."

"Na ga aikin hannunki."

"To alewar fa?"

"Ki koma da ita. Ki ajiye mukullin gidana a kan teburin nan. Ni kaɗai zan liƙa su, kuma ba za ki sake shiga ɗakin da suke ba."